Babi na Biyar: Hunturu da Itatuwan Lambu a Kudancin Kano

Shin sanyin hunturu yana kashe dashen lemo da mangwaro? Tambayar tana tasowa duk shekara tsakanin Disamba da Janairu, galibi daga bakin wanda ya sayi dashe ɗan aure da tsada, ya dasa a gonarsa ta Bebeji ko Ƙiru da damina, sannan bayan an kai amfanin gona gida ya koma ya tarar ganyen ya nannaɗe, gefensa ya ƙone, wani ma ya zube ya bar tsinke a tsaye. Abin da aka saba cewa shi ne ɗari ya buge shi. A Tudun Wada da Doguwa, inda sanyin ya fi na birni shiga jiki, maganar ta zauna sosai, har wasu sun ɗauka ƙasarsu ba ta karɓar lemo.

Sanyin wannan yanki bai kai ya kashe babbar bishiya ba, kuma da wuya ya kashe ƙarama shi kaɗai. Abokan tafiyarsa ne suke ɓarnar, shi kuma a ɗora masa laifi. Kafin a zo kansu, sai an san iyakar sanyin tukuna.

Iyakar sanyin yankin

Birnin Kano bai kai mita 500 a saman matakin teku ba. In aka kama hanyar Zariya, aka karya a Kwanar Dangora aka nufi Tudun Wada, aka ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, ƙasa tana ta hawa a hankali har a kai duwatsun Riruwai, garin haƙar kuza, inda wasu ƙololuwa suka haura mita 1,000. Iska tana rage ɗumi da kusan digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau, don haka bambancin da mutanen Doguwa suke ji a jikinsu na gaske ne. Ruwan sama ma ya fi yawa a can, dajin kuma ya fi duhu.

A watan Janairu ma'auni a Kano yakan sauka zuwa digiri 13 ko 14 da asuba, a daren muku-muku kuma ya gangara ƙasa da 10, sannan da rana ya sake hawa zuwa wajen 30. Ƙauye ya fi birni sanyi da dare, saboda gine-gine da kwalta suna riƙe zafin rana. Ruwa kuwa ba ya daskarewa sai ma'auni ya kai sifili. Tsakanin sanyin da ake yi a Riruwai da wanda yake daskarar da ruwa akwai tazara, kuma wannan tazarar ce ta raba lambun kudancin Kano da na ƙasashen da manomi yake kwana a tsaye saboda tsoron sanyi.

Inda raɓa take daskarewa

A inda ma'auni yake sauka ƙasa da sifili, raɓar dare tana daskarewa a kan ganye ta yi fari fat. Ruwan da yake cikin ganyen da reshen ma ya zama ƙanƙara, ya farfasa naman bishiyar daga ciki. Rana tana fitowa sai ganye ya yi baƙi ya langaɓe. 'Ya'yan lemo suna lalacewa in sanyi ya zauna a digiri 2 ƙasa da sifili na 'yan awoyi. In ya zarce haka sai ya kama rassa, daga nan ya kai ga kututture.

Jihar Florida ta Amurka ta ga wannan da idonta. A ƙarshen Disamban 1894 sanyi ya sauka ya kakkaɓe ganye da 'ya'ya, amma itatuwa da yawa ba su mutu ba. Sai Janairu ya zo da ɗumi, itatuwan suka farka, ruwa ya hau rassa, suka fitar da sabon toho. A farkon Fabrairun 1895 sanyi na biyu ya same su a haka, ya tsattsage ɓawo, ya kashe su har ƙasa. Jihar da take fitar da akwatin lemo sama da miliyan 5 a shekara ta koma ba ta kai dubu 200 ba. Sanyin 1983 da na 1985 da na 1989 kuma sun ƙara kora lambunan zuwa kudancin jihar. Abin lura a labarin shi ne bishiyar da take hutawa tana jure abin da mai sabon toho ba za ta iya ba, kuma wannan ƙa'ida tana aiki a Doguwa duk da ƙarancin sanyinta.

Ba ma sai an tsallaka teku ba. A duwatsun Azbin, arewa da Agadas a Jamhuriyar Nijar, inda ƙololuwar Bagazam ta kai mita 2,022, ma'auni yana taɓa sifili a wasu dararen hunturu. Duk da haka lambunan Timiya, waɗanda ake shayarwa daga rijiyoyin bakin kwari, sun yi suna da lemun zaƙi da tanjarin da rumman, har ana lodinsu zuwa Agadas da Yamai. In lemo ya yi a can, sanyin Riruwai ba hujjar barin dashe ba ne.

Tudu da kwari

Sanyin dare ba daga sama yake saukowa ba. Ƙasa ce take sakin zafin da ta sha da rana, ta huce, ta sanyaya iskar da take kwance a kanta. Daren da sama ta yi wasai, ba gajimare, iska kuma ta tsaya cik, shi ne ya fi kowane sanyi, kuma ƙarshensa yana zuwa ne dab da fitowar rana. Busasshiyar iskar hunturu tana taimaka wa wannan hucewa, domin babu danshin da zai tare zafin.

Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, saboda haka tana gangarowa daga tudu kamar yadda ruwan sama yake bin gangare, ta taru a kwari ta kwanta. Duk wanda ya hau babur da asuba daga gari ya gangara fadama ya san inda sanyin yake fara dukan gwiwa, ya kuma san inda yake sakinsa in ya haura ɗaya gefen. Wurin da hazo mai laima yake daɗewa bai tashi ba, da wurin da raɓa take jiƙa wando har hantsi, nan ne matattarar sanyin gonar.

Matsalar ita ce kwarin nan shi ne mai ruwa, shi ya sa manomi yake son kafa lambunsa a can. Mafita ita ce a raba gonar. Gindin kwari a bar wa gwaiba da rake da kayan rani, lemo da fiya a hau da su gefen gangare, inda ruwa ba ya kwanciya da damina kuma sanyi ba ya kwanciya da hunturu. Shinge mai duhu da aka gitta a ƙasan gangare yana tare iskar sanyi ya tara ta a cikin lambu, don haka gara a bar mata kafa ta wuce. Lambunan da suke dab da babban ruwa, irin madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, suna samun ɗan sauƙi, domin ruwa mai yawa yana riƙe ɗumi ya sake shi da dare.

Abin da yake kashe dashe

Iskar hunturu tana tasowa daga arewa maso gabas, ta ratsa Sahara, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Tana isowa a bushe ƙayau, danshinta da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Ita ce take fasa leɓe da diddige, kuma ita ce take zuƙe ruwan ganye daga safe har yamma. A daidai wannan lokaci ƙasa ta yi sanyi, jijiyar lemo kuwa aikinta yana ja baya sosai in ɗumi ya sauka ƙasa da digiri 13. Ganye yana fitar da ruwa da sauri, jijiya tana ɗaukowa da nawa. Babbar bishiya tana da jijiyar da ta nutsa da ajiyar da za ta ci. Dashen wata biyar ba shi da ko ɗaya, sai ya naɗe ganye don rage asara, in abin ya ci tura ya zubar.

A kan wannan sai a ƙara kuskuren da ya fi kowane yawa: rage ban-ruwa saboda ana sanyi. Mai lambu yana ganin gari ya yi sanyi, shi kansa ba ya jin ƙishi, sai ya ɗauka bishiyar ma haka. A tona gindin dashen da aka ce ɗari ya buge, a zura yatsa har ƙarshensa, sau da yawa ƙasar busasshiya za a tarar, tana zuba a hannu. A kankare ɓawon karan da farce: in ƙarƙashinsa kore ne mai laima, dashen yana da rai, ruwa da kariya yake nema, in ya zama ruwan ƙasa ya bushe har zuwa wurin auren, aikin gama ya gama.

Sauran masu laifin sanannu ne. Da zarar an gama girbi ake sakin awaki, kuma a duk faɗin gonar babu koren ganye sai na dashen. Gara tana bin busasshiyar ciyawa da raunin ɓawo. Gobarar daji, wadda mafarauta da masu neman sabuwar ciyawa suke tayarwa a kewayen Falgore, tana iya share lambun shekara uku cikin yini ɗaya, shi ya sa share layin wuta a kewaye tun watan Nuwamba ya fi duk wani maganin sanyi muhimmanci a Doguwa da Tudun Wada.

Kowace bishiya da juriyarta

Cikin dangin lemo, tanjarin ya fi jure sanyi, lemun zaƙi yana biye, lemun tsami ne ƙarshe. Duka ukun suna tsallake hunturun kudancin Kano lafiya in sun sami ruwa. Gwaiba da yazawa ba su da matsala. Babban mangwaro ma haka, sai dai furensa da ƙananan 'ya'yansa suna jin sanyi: in darare suka yi ta sauka ƙasa da digiri 10 lokacin da fure ya buɗe, barbara ba ta yin kyau, sai a ga 'ya'ya ƙanana marasa ƙwallo suna zubewa.

Ayaba da gwanda su ne ragwayen lambu a wannan fanni. Ayaba tana daina girma in ɗumi ya sauka wajen digiri 14, iska kuma tana yayyaga faffaɗan ganyenta. Wadda ta tashi fitar da kai a tsakiyar Janairu wani lokaci kan yana maƙalewa a wuya, ya fito a murɗe. Gwandar da ta nuna a cikin sanyi ba ta cika zaƙi ba. Waɗannan biyun a ba su wurin da ya fi ɗumi da kariya, kamar bayan katanga ko jikin dutse, inda zafin rana yake kwana.

Fiya tana da nata labarin. Iri uku ne a duniya, na Meksiko da na Gwatamala da na ƙasashe masu zafi da laima, kuma na farko ya fi jure sanyi. A nan dai ba sanyi ne damuwarta ba. Busasshiyar iska tana ƙona bakin ganyenta, zafin Afrilu da yake kai digiri 40 yana ƙona ɓawonta, ruwan da ya kwanta da damina kuma yana ruɓar da jijiyarta. Wanda zai gwada ta, tudun Doguwa ya fi masa Bebeji.

Kariya a shekarun farko

Kariyar hunturu tun damina take farawa. Dashen da ya shiga ƙasa a Yuni ko farkon Yuli, bayan ruwa ya zauna, yana da wata huɗu na kafa jijiya kafin iska ta juya. Wanda aka dasa a Satumba ya shiga hunturu da ƙafa ɗaya. Rami ya kai kamu ɗaya a faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin gargajiya, wurin auren kuma ya tsaya a sarari, kamar taƙi ɗaya a saman ƙasa.

Takin zamani mai sa ganye, musamman yuriya, a tsayar da shi tun kafin ruwa ya ɗauke. In aka zuba shi a Oktoba ko Nuwamba, dashe yana fitar da toho mai laushi daidai lokacin da iska take isowa, kuma shi ne farkon abin da take ƙonawa. Haka sassabe rassa: a bari sai sanyi ya wuce.

Zana ko shingen karan dawa, wanda ya ɗara dashen tsayi, a kafa shi a gefen arewa da gabas, a bar sama a buɗe don rana. In aka kewaye gaba ɗaya da ƙaya ko waya, an yi maganin akuya ma. Ga lambu mai girma, layin darbejiya ko bishiyar turare a gefen da iska take shigowa yana kare fili mai nisan da ya ninka tsayin itatuwan sau da yawa, amma a ba shi tazara daga layin farko na lemo, domin jijiyarsu tana da kwaɗayin ruwa.

Ban-ruwa ya zama mai zurfi. A yi wa gindi kwano, a cika shi sau biyu a mako a ƙasa mai laka, sau uku a jigawa, ya fi yayyafin kullum da ba ya wuce saman ƙasa. Ƙasa mai danshi tana shan zafin rana fiye da busasshiya, ta kuma sake shi da dare, don haka ruwan riba biyu ne.

A nan ne ya kamata a yi hattara da shawarwarin da ake kwasowa daga intanet. A Florida da Kalifoniya ana share ciyawa daga gindin bishiya kafin daren sanyi, don ƙasa ta saki ɗuminta kai tsaye. Ana tara ƙasa a rufe wurin aure, ana kunna manyan fankoki su gauraya iska, ana fesa ruwa har gari ya waye. Duk wannan maganin ƙanƙara ne. A Ƙiru ƙishi ne abokin gaba, saboda haka shimfiɗa ciyawa ko ɓuntun shinkafa a gindi shi ne daidai, muddin an janye shi kamar faɗin tafin hannu daga kara saboda gara da ruɓewa. Tara ƙasa a jikin karan lemo kuwa yana jawo cutar da take sa ɓawo ya tsage ya riƙa fitar da ƙaro. Lulluɓe dashe da leda ya fi duka muni, domin in sanyin asuba bai kashe shi ba, zafin azahar a cikin ledar zai dafa shi. Hura wuta a lambu don hayaƙi ya kore sanyi ba ya ƙara ɗumin kirki, gobara kawai yake gayyatowa.

Ribar sanyi

Ga bishiyar da ta girma, hunturu alheri ne. Mangwaro ba ya fure da kyau sai ya sami hutu, kuma sanyin dare tare da bushewar ƙasa su ne suke tsayar da fitar ganye su juya shi zuwa fure. Shi ya sa itatuwa suke yin fari da fure daga Disamba zuwa Fabrairu, 'ya'ya su nuna da bazara. Mai lambun da ya ci gaba da kwarara wa babban mangwaro ruwa da taki bayan kaka ganye zai girba. A ɗauke masa ruwa har fure ya fito, a mayar bayan 'ya'ya sun ƙullu. Abin da yake ceton dashe shi ne yake hana babba haihuwa, kuma rashin rarrabe wannan yana jawo asara a lambuna da yawa na bakin Tiga.

Lemo ma yana da rabonsa. Yawancin lemun da ake saukewa a kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa daga Binuwai yake zuwa, kuma kore ne ko kore mai ratsin rawaya ko da ya nuna. Dalili shi ne launin ɓawo ba ya juyawa sai dare ya yi sanyi, wajen digiri 13 ko ƙasa. Lemun da ya ƙosa a cikin hunturun Tudun Wada ko Doguwa yana da damar samun launin da mai saye yake so, da daidaiton zaƙi da tsami da ƙasa mai zafi dare da rana ba ta bayarwa. Sanyin nan dai shi ne yake sa alkama ta yi a Kadawa.

Ga tuffa kuwa, sanyin kaɗan ya yi. Yawancin irinta suna bukatar ɗaruruwan awoyi, wasu har dubu, a ƙasa da digiri 7 kafin su farka su yi fure, abin da ko tudun Jos mai tsayin mita 1,200 ba ya cikawa. Akwai iri masu ƙaramar bukata, kamar Anna da Dorsett Golden, waɗanda ake lallaɓawa a ƙasashe masu zafi ta hanyar tsige ganye da hannu. Gwaji ne na itace biyar ko goma a tudun Riruwai, ba abin da za a sayar da sa a zuba kuɗinsa ba.

Rabin juriyar bishiyar lambu a ƙarƙashin ƙasa take, a jikin gindin da aka yi aure a kansa. A ƙasashen ƙanƙara ana ɗora lemo a kan wani ɗan uwansa mai ganye uku da ƙaya, wanda yake zubar da ganye ya yi barci da sanyi. A kudancin Kano gindin da ake bukata shi ne mai nutsa jijiya da jure ƙishi, kuma reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da yake Bagauda a ƙaramar hukumar Bebeji, yana cikin wuraren da ake aiki a kan irin mangwaro da lemo. Yadda ake zaɓen gindi, da lokacin yanka, da yadda ake gane dashe ɗan aure na gaskiya a hannun mai sayarwa, su ne batun babi na shida.